Na'urar da Ba Ta Rubuta Sifiri

Shekarar da mutanenmu suka taso daga ƙauye ina Zariya ina karatun kwamfuta, don haka ban ga tashin da idona ba. A waya na riƙa jin labarin, guntu-guntu. Da na dawo Birnin Gwari sai na tarar da Baba a wani ɗaki da ɗan'uwan kakata ya ba shi aro, a wata unguwa cikin Magajin Gari, yana zaune yana gyaran ƙotar fartanyar da ba shi da inda zai kai ta.

Ƙauyenmu yana cikin Kazage ne, daf da daji. Ba zan tsaya ba da labarin waɗanda suka kore mu ba. Sun ci barcinmu, sun ci damunanmu, ba zan ƙara musu da takardata ba. Abin da ya kamata a sani kawai shi ne mutanenmu sun fito, su da maƙwabtanmu Gbagyi, masu masallaci da masu coci, kowa da abin da kansa ya iya ɗauka. Gonar Baba tana can aka baro ta, kabarin Inna ma yana can.

Na samu aiki a wata ƙungiyar manoma da ke raba iri da taki kafin faɗuwar damina. Ofishinmu shago ne guda, da farantin sola a kan rufi, da wata tsohuwar kwamfuta da in ta ɗauki zafi fankarta ke kuka kamar injin markaɗe. A cikinta rumbun bayananmu yake. Sunan ne kawai mai girma, abin kansa tebur-tebur ne, kowane tebur kuma layi-layi. Akwai teburin manoma, kowane mutum da layinsa, da lambarsa, da inda yake zaune. Akwai teburin gonaki, kowace gona da girmanta da lambar mai ita. Idan kana son wani abu sai ka rubuta wa na'urar tambaya, ita kuma ta haɗa teburan ta kawo maka amsa.

Wanda ya gina rumbun wani injiniya ne da ke zuwa daga Kaduna duk lokacin da hanya ta yarda. Shi ya koya mini rabin abin da na sani. Mutum ne mai kirki, kuma ya san aikinsa, abin da ya sa faɗa da shi yake da wahala ke nan. Na fi son in yi rigima da jahili, in gama in tafi gida da zuciyata wasai.

Tun makon farko na ga inda rumbun bai san mu ba. Gurbi ɗaya ne a ciki na wurin zama. Ka tambayi mutum ina yake zaune, yana tsaye a gabanka cikin gari, ƙafarsa duk ƙurar gari, sai ya faɗa maka sunan ƙauyensa. Wata tsohuwa Bagbagyiya, maƙwabciyarmu tun a gida, na maimaita mata tambayar har ta gaji da ni.

Ta ce, "'Yata, nan ba zama nake ba. Jira nake."

Ranar na buɗe gurbi na biyu a teburin manoma, na kira shi garin asali. Unguwar da mutum yake kwana a yanzu tana da gurbinta, ƙauyen da ya baro yana da nasa. Gonakin aro da mutane suka samu a bayan gari na shigar da su. Gonakin gida kuma ban taɓa su ba, alama kawai na sa musu cewa bana ba a noma su ba. Teburin gonaki ya kumbura, ban damu ba.

Baba ya ji labari, ban san a bakin wa ba. Daga nan ya tsiri zuwa ofis jefi-jefi. Ba ya shiga sosai, a bakin ƙofa yake tsayawa da hularsa a karkace, ya ce, "Uwata, tana nan?" Uwata yake kirana don sunan mahaifiyarsa na ci. Sai in kira gonar, in juya masa fuskar kwamfuta. Ajami ya sani, bai san boko ba, amma ya haddace kamannin layin nan. Ya ɗan dube shi, ya gyaɗa kai, ya wuce kasuwa. Wani lokaci in tsokane shi in ce, "Baba, ku ɗebo mana masara mana tun da kun zo gona." Ya ce ai bakina ya fi ƙarfin aure, shi ya sa har yanzu yake ciyar da ni.

Matsala ta taso ranar da muka fara rabo. Yadda muke yi shi ne unguwa-unguwa, a cikin kowace unguwa kuma ƙauye-ƙauye, don dattawan kowane ƙauye su tsaya su shaida mutanensu. Tambayar da na rubuta wa na'ura ba ta da wani sarƙaƙiya: kawo mini mazauna unguwa kaza, 'yan asalin ƙauye kaza, tare da gonakinsu. Na danna. Fanka ta fara kuka. Na jira, na leƙa waje, na dawo, tana nan tana kuka. Mutane na tsaye a rana, tsofaffi sun fara neman inuwar katanga, batir yana sauka ina kallo. Kafin azahar ƙauyukan da muka sallama ba su taka kara sun karya ba, na'ura kuma ta mutu. Na fita na ba mutane haƙuri, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Waɗannan mutane sun sha jira a duniya, ga shi ni ma na zama mai sa su jira.

Washegari injiniya ya iso. Ya zauna, ya duba, bai ɗauki lokaci ba.

Ya ce, "Malama, kin cika mata kaya. A cire gurbin garin asali, a goge gonakin da ba a nomawa. Kowa a rubuta shi inda yake kwana, a raba unguwa-unguwa, shi ke nan."

Na ce, "Yallaɓai, idan aka goge, ranar da mutum ya koma gida fa?"

"Sai a sake masa rajista."

Ni da shi duka mun san abin da sake rajista yake nufi. Sai an turo mai awo daga Kaduna ya taka gonar da ƙafarsa, kuma babu mai awon da zai shiga Kazage a lokacin, ko a lokacin da ke tafe. Gonar da aka goge ta gogu ke nan, babu irin da zai sake bin ta.

Na ce, "Ba zan goge ba."

Ya cire tabarau ya dube ni, ba da fushi ba, da tausayi, wanda ya fi fushin ciwo. Ya ce, "Malama, tsakani da Allah, wa zai koma?"

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na san yadda ake kallonmu daga nesa: Birnin Gwari suna ne da ake ji a rediyo da safe, a yi salati, a ci gaba da shan koko. Amma ban zaci mutumin da yake cin tuwo a gidanmu duk zuwansa zai yi mini wannan tambayar ba. Na gaya masa cewa ba kaya ne suka yi wa na'urar yawa ba, na ga rumbunan da suka ninka namu suna gudu. Na ce hanya take ɓata, kuma zan gano inda take ɓatan. Ya ce ya ji. Sauran takin yana zuwa a mota ta gaba, shi ma a cikinta zai dawo. Idan ya tarar na'urar tana nan tana kuka, da hannunsa zai goge, ba zai bar tsofaffi a rana saboda gonakin da ciyawa ta cinye ba. Mabuɗin rumbun yana hannunsa kamar yadda yake hannuna, don haka ba barazana ce kawai ba.

A cikin irin wannan rumbu akwai wani ɓangare da aikinsa tsara hanya. Kai dai ka faɗi abin da kake so, shi yake zaɓen yadda za a nemo. A tambayata hanyoyi biyu ne a gabansa. Ta farko, ya ɗauki manomi ɗaya, ya bi teburin gonaki daga sama har ƙasa yana neman nasa, ya dawo ya ɗauki na biyu, ya sake bi. Idan mutanen 'yan kaɗan ne wannan ta fi sauri, don ba ta buƙatar wani shiri. Ta biyu, ya bi teburin gonaki sau ɗaya, ya kasa su kashi-kashi bisa lambar masu su, sannan duk manomin da ya zo a miƙa hannu kan kashinsa. Wannan tana cin ɗan lokaci a farko, amma idan jama'a ce ita ce mafita.

To ta yaya yake sanin ko mutanen kaɗan ne ko jama'a, alhali bai fara nema ba? Ba ya sani, zato yake yi. Yana da 'yar ƙididdiga da aka ajiye masa game da kowane tebur: layuka nawa ne, a kowane gurbi wace amsa ce ta fi yawa, kuma kashi nawa ta ci. Ƙididdigar ma ba ta kowa da kowa ba ce, ɗiba ake yi nan da can, irin yadda mai sayen hatsi yake soka ƙarfe a buhu ya duba abin da ya fito a tafin hannunsa. Da wannan ɗan labarin yake auna wahalar kowace hanya ya zaɓi mai sauƙi. Duk ɗan Birnin Gwari ya san irin wannan aiki. Ɗan acaba ba ya zuwa ya ga hanya kafin ya ɗauke ka, labarin da ya ji a tasha da safe yake bi. Kuma mun san abin da ke faruwa da wanda ya bi labarin makon jiya.

Ana iya sa na'urar ta bayyana shirinta, ta nuna mutum nawa ta zata da kuma nawa ta samu. Na sa ta. A unguwarmu, ga mutanen ƙauyenmu, ta zaci abin da bai cika yatsun hannu ɗaya ba. Abin da ta samu kuwa gari ne guda. Shi ya sa ta zaɓi hanyar farko, ta yi ta hawa da sauka a teburin gonaki saboda kowane mutum, har ranta ya fita.

Na duba ranar da aka ɗauki ƙididdigar ƙarshe. Tun kafin tashin ne. A idon na'urar nan ƙauyuka cike suke, unguwarmu kuma 'yan gidaje ce da ba su da yawa. Gurbin da na ƙara ma ba ta da labarinsa sam, ƙiyasi kawai take yi. Ita kaɗai ce a duk Birnin Gwari ba ta ji an tashi ba. Na kira injiniya a waya, bai yi musu ba. Ya ce shi ya kashe sabuntawar da take yi da kanta, don tana shan batir a tsakiyar aiki, kuma a wancan lokacin mutane ba sa motsi.

Na ba ta umarnin ta sake ɗiba. Ta yi. Na sake tambaya ina murmushi, har na fara shirya maganar da zan gaya wa injiniya. Ta ɗan yi sauƙi a wasu unguwanni, amma a tamu fanka ta sake ɗaukar kukanta. Zaton ya ɗan ƙaru, sai dai har yanzu bai kama ƙafar gaskiya ba. Na rufe kwamfutar da ƙarfin da bai kamata ba, na kulle shago, na kama hanyar gida bayan la'asar, ina ta ƙunƙuni ni kaɗai.

Shiga unguwarmu ba ya yiwuwa da sauri. Ƙofar farko gwaggona ce, sai ka tsaya. Ta biyu mai unguwarmu na gida, sai ka durƙusa. Ta uku tsohuwar nan mai jira, da jikokinta. Gaba kaɗan maƙerinmu, ya kafa uwar maƙera a zauren wani. Yadda gidajen suke jere a ƙauye, kusan haka suka zo suka jeru a nan. Mu ba ma watsewa. Na farko da ya samu ɗaki sai ya kira ƙanensa, ƙanen ya kira surukinsa, surukin ya ce ai maƙwabcinsa ba zai kwana a tasha ba. Ina tsakiyar amsa gaisuwar gajiya abin ya faɗo mini.

Na'urar tana da labarin unguwa daban, labarin ƙauye daban. Ta ga unguwarmu ɗan yanki ce a cikin dukan manoma, ƙauyenmu ma ɗan yanki ne. Da na haɗa mata su a tambaya ɗaya sai ta ɗauki ɗan yankin ɗan yanki, kamar an watsa mutanen ƙauyenmu a ko'ina daidai wa daida, kowace unguwa ta samu ɗan rabonta. Haka aka gina ta, tana ɗauka cewa gurbi da gurbi ba ruwan wani da wani sai an gaya mata. Ba ta san zumunci ba. Akwai umarnin da ake ba ta cewa ta ƙirga gurabe biyu a haɗe, ta ga wanne yake tafiya da wanne. Da safe na ba ta shi, na sa ta sake ɗiba. Na rubuta tambayata. Kafin in gyara zaman kallabina amsa ta fito, ta bi hanya ta biyu, fanka ko tari ba ta yi ba.

Da injiniya ya dawo da motar taki, ya zauna ya gwada unguwa bayan unguwa. Bai ji kunya ba, kuma ban so ya ji ba. Ya ce aiki ya yi kyau. Sannan ya ce, "Amma kin san za ta sake tsufa. Yau wasu su taso, gobe wasu su ƙaura. Ni ba kullum nake samun hanya ba."

Na ce, "Ni ai ina nan, yallaɓai. Duk ranar kasuwa bayan an tashi zan sa ta ta sake ɗiba."

Ya ɗaga kafaɗa ya ce to, kaina na ɗora wa. Har yau ban ce ya yarda akwai mai komawa ba. Ya dai janye hannunsa daga gonakin.

Kafin ya tafi na nuna masa wani abu da ya ɗaure mini kai. Cikin gwaje-gwajena na tambayi na'urar mutanen da suke zaune a ƙauyenmu a yanzu. Babu kowa, ita ma da ta nema ba ta samu kowa ba. Amma a wurin zato ta rubuta ɗaya. Ya yi dariya ya ce haka take, ba ta rubuta sifiri a zatonta. Ta san ɗiba kawai ta yi, ba ta ga kowa da kowa ba, kuma sifiri idan ya shiga lissafi yana kashe duk abin da ya biyo bayansa. Don haka ko ba ta ga kowa ba sai ta bar wurin mutum ɗaya. Da na ba Baba labarin a gida, bai yi dariya ba. Cewa ya yi, "Wannan akwatin naki ya fi wasu mutane hankali."

Aka kwana biyu, hanya ta ɗan yi sauƙi. Aka fara jin wane ya leƙa gida, wane ya ga rufinsa yana nan. Leƙawa dai ake yi a dawo kafin rana ta karkata, babu wanda ya kwana. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai wata safiya na ga Baba ya ɗaure fartanyarsa da tabarma da 'yar tukunya.

Na tare ƙofa. Ni da na tsaya wa injiniya ido cikin ido, ranar roƙo na koma yi. Na ce, "Baba, ku bari a ga yadda bana za ta kasance. Ku bari wasu su fara zuwa. Wa zai ji ku idan wani abu ya faru?"

Ya ce, "Wasun ma wasu suke jira."

Na yi faɗa, na yi magiya, na kawo masa maganar shekarunsa, na kawo maganar ciwon gwiwarsa. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Uwata, ashe gonar cikin akwati kika tsaya wa, ba ta ƙasa ba?"

Har yanzu ina jin haushin maganar nan. Na kauce. Ɗan acaba ya ɗaura kayan a baya, Baba ya hau yana cije baki saboda gwiwa, suka tafi.

Na tafi ofis don ban san inda zan sa kaina ba. Tsoro nake ji, tsoro sosai. Na buɗe teburin manoma, na nemo layin Baba. A gurbin wurin zama na goge sunan unguwa na rubuta sunan ƙauyenmu. Na je teburin gonaki na cire alamar nan ta ba a noma ba. Sannan na rubuta tambayar da na saba yi don wasa, na sa na'urar ta bayyana shirinta. A wurin zato ta rubuta ɗaya. A wurin abin da ta samu, ɗaya.

Na kira injiniya na ce akwai manomi mazaunin ƙauyenmu, a fitar masa da irinsa da takinsa. Ya ce, "Malama, mota ba za ta shiga Kazage saboda mutum ɗaya ba."

Na ce ai ban ce mota ba.

Washegari na nemo ɗan acaban da ya kai shi, na ɗaura masa buhun da hannuna, na ja igiyar har ta yanke ni a tafi. Yinin nan ban yi aikin kirki ba, ina ofis amma kunnena yana titi, duk babur da ya wuce sai na ɗaga kai. Sai bayan la'asar ya dawo, ƙafafunsa duk laka, don an yi ruwa a can. Ya tsaya a bakin ƙofa, daidai inda Baba yake tsayawa, ya ce ya same shi a gona, ya sauke masa kayan a gindin ɗorawa.

Na ce, "Bai ba ka saƙo ba?"

Ya ce, "Ya ce in gaya miki tana nan."